Kallabi Tsakanin Rawuna: Nazari a Kan Yadda Ake Ambaton Mata 'Yan Siyasa a Ƙasar Hausa, Tare da Duban Halin Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake amfani da harshen Hausa wajen rage darajar macen da ta shiga siyasa, a gidajen rediyo da jaridu da dandalin taron jam'iyyu da sauran wuraren muhawarar jama'a. Za a fara da waiwayen matsayin mace a sarautun gargajiya, sa'an nan a dubi zamanin NEPU da NPC, domin a can ne aka dasa yawancin kalmomin da ake jifan mata da su har yau. Bayan haka za a rarrabe sigogin wannan wariya kamar yadda suke fitowa a magana, a auna su da halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga, a ƙarshe kuma a kawo hanyoyin gyara.

Dalilin ɗaukar wannan batu a fili yake. A lokacin da aka rantsar da Majalisar Dattawa ta goma a watan Yuni 1983 da ɗoriyar shekara arba'in, watau 2023, mata uku ne kacal a cikin sanatoci 109, ta huɗu kuwa sai a watan Nuwamba na shekarar ta shiga bayan hukuncin kotu. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360 matan ba su kai ashirin ba. Daga 1999 zuwa zaɓen 2023 babu jihar da ta zaɓi mace gwamna. Masana siyasa sukan jingina wannan ga rashin kuɗi da tsarin jam'iyyu da tashin hankali, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai wani shinge da ke gaban waɗannan duka, shi ne abin da mace take tsoron za a kira ta da shi idan ta fito. Wannan shinge da kalmomi aka gina shi, saboda haka nazarinsa haƙƙi ne a kan masu nazarin harshe.

2.0 Mace da Sarauta: Zamewar Ma'anar Magajiya

Tarihin baka na Daura ya nuna cewa jerin sarauniyoyi ne suka mulki ƙasar kafin zuwan Bayajida, kuma ta ƙarshensu ita ce Magajiya Daurama. Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun ambaci Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta. A Gobir akwai sarautar Inna, a Maraɗi akwai Iya, dukkansu mata ne 'yan gidan sarauta masu faɗa a ji a fada. M. G. Smith, a nazarinsa na mulkin Zazzau (1960), ya nuna cewa a zamanin sarakunan Haɓe mace ce ke riƙe da sarautar Iya, daga baya ne ta koma hannun maza. Bayan jihadi kuma Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajis, watau shugabannin mata masu kai karatu ƙauyuka.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne abin da ya sami kalmar magajiya. Asalinta daga aikatau gada ne, kamar yadda magaji yake, ma'anarta kuwa wadda ta gaji wani matsayi. Kalmar magaji ta riƙe darajarta har yau: akwai Magajin Gari a masarautu da dama, har ma uku daga cikin mazaɓu goma sha ɗaya na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari sunan Magajin Gari suke ɗauke da shi. Ita kuwa magajiya, a bakin mutanen birane na ƙarni na ashirin, sai ta koma nufin shugabar mata masu zaman kansu ko uwar 'yan bori. Tushe ɗaya, sigar ginawa ɗaya, amma ta namiji ta tsaya a fada, ta mace ta gangara bariki.

Irin wannan zamewa ta sami wata kalmar aro. Kalmar Ingilishi mai nufin ma'aikacin ofis ta shigo Hausa ta zama kilaki, amma ba ta zauna a kan ma'aikaci ba. Shi akawu ake ce masa, kilaki kuwa ta zama sunan karuwar zamani. Wannan yana nuna yadda al'umma ta fassara ganin mace a wajen gida tun farkon zamanin Turawa: wadda duk ta fito fili da shigar zamani, an riga an yanke mata hukunci.

3.0 Zamanin NEPU da NPC

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma tana daga cikin manufofinta neman 'yancin jefa ƙuri'a ga mata. Shugabannin NPC, wadda ke riƙe da gwamnatin Jihar Arewa, sun tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba. Saboda haka a zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu suka yi zaɓe, na Arewa ba su yi ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 ne aka buɗe musu wannan ƙofa, tsarin mulki na 1979 kuma ya tabbatar da ita.

A wancan zamani kulle ya hana yawancin matan aure na birane halartar taro. Waɗanda ke da damar fita su ne zawarawa da tsofaffi da mata masu zaman kansu, kuma duk jam'iyyun sun nemi waɗannan mata domin guɗa da waƙa da dafa abincin taro, sau da yawa ta hannun magajiyar gari. Barbara Cooper ta bayyana irin wannan hali a Maraɗi a nazarinta na 1997, abin da ke nuna cewa al'amarin ya game ƙasar Hausa ta ɓangarorin iyaka biyu. Sakamakon haka shi ne kowace jam'iyya ta sami makamin jifan abokiyar hamayyarta da cewa taron karuwai ce, alhali kuwa ita ma da irin matan take aiki. Waƙoƙin siyasa na lokacin cike suke da wannan zargi. Daga nan ne kalmomin 'yar siyasa da karuwa suka ƙulla wata dangantaka a zukatan mutane wadda ba ta gama warwarewa ba.

Babu wadda ta ɗanɗana wannan kamar Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001). Sunanta na yanka Hajaratu, an kira ta Gambo domin ta biyo tagwaye, Sawaba kuwa taken NEPU ne ya zame mata laƙabi. Ta shiga jam'iyyar tun tana yarinya, ta shugabanci reshen mata a Sabon Garin Zariya, ta kuma je Abeokuta ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ke tafiyar da ƙungiyar mata. Masu rubuta tarihinta sun ce sau 16 aka ɗaure ta, ban da duka da aske kai da korar da aka yi mata daga Kano. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta ƙasa. Yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan a Zariya da sunanta. Wannan juyi yana da darasi: matar da aka zaga a raye ita ce ake alfahari da ita bayan ta ƙaura, ba tare da an janye kalmomin da aka zage ta da su daga kan masu bin sawunta ba.

4.0 Sigogin Wariya a Cikin Magana

Kafin a shiga rarrabewa, ya kamata a wanke nahawun Hausa daga zargi. Hausa tana bambanta jinsi a tilo, kuma tana da hanyoyin samar da sigar mace ga kusan kowane muƙami: malami da malama, ɗan takara da 'yar takara, mataimaki da mataimakiya. Kalmomi irin su shugaba da minista da gwamna kuwa ba sa bukatar sauyi sai a mahaɗi. Da Zainab Shamsuna Ahmed ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2018 zuwa 2023, masu karanta labarai ba su sha wata wahala ba wajen cewa ministar kuɗi ta ce. Matsalar tana ga zaɓin masu magana, kuma ana iya kasa ta kamar haka.

4.1 Kalma Ɗaya, Nauyi Biyu

Akwai siffofin da yabo ne ga namiji, suka ne ga mace. Idan aka ce wane gogagge ne ko idonsa a buɗe yake, ana nufin ya san kan duniya, ya cancanci a tura shi majalisa. Idan aka ce wance gogaggiya ce ko idonta ya buɗe, mai sauraro yakan fahimci wani abu dabam game da tarbiyyarta. Haka ɗan duniya yake da 'yar duniya. Namiji mai tsayawa a kan ra'ayinsa tsayayye ne, mace mai irin wannan hali fitsararriya ce ko mai taurin kai. Ke nan duk halayen da siyasa ke bukata, watau sanin jama'a da iya magana a taro da rashin tsoro, su ne ainihin halayen da ake juyawa su zama aibu idan mace ce ke da su.

4.2 Zambo da Habaici

Masana adabin baka sun bambanta zambo da habaici: zambo yana fito da wanda ake nufi ta hanyar siffanta shi da muni, habaici kuwa yana sakaya suna ya bar mai shi ya tsargu. Zambon da ake yi wa namiji ɗan siyasa yawanci a kan rowa ne ko cin amana ko sauya sheƙa, watau abubuwan da suka shafi aikinsa. Wanda ake yi wa mace kuwa a kan aurenta ne da jikinta da shekarunta da haihuwarta. In ba ta da aure, a ce ta je ta nemi miji tukuna. In bazawara ce, a ce wadda ta kasa riƙe gida ina za ta riƙe mazaɓa. In kuma tana da aure, sai a koma kan maigidan a kira shi mijin-ta-ce ko mijin Hajiya. Wannan na ƙarshe ya fi sauran illa, domin yana sa miji da 'yan'uwa maza su hana ta tun kafin abokan hamayya su ce uffan.

Habaici ya fi samun gindin zama a rediyo. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano da Kaduna daga farkon shekarun 2000, aka sami masu magana da yawun 'yan siyasa a filayen da ake saye, waɗanda Kanawa suka laƙaba wa suna sojojin baka. Mai irin wannan sana'a ba ya bukatar ambaton suna. Ya isa ya tambayi inda wata Hajiya ta sami kuɗin fam ɗin takara, ko ya ce an ga motar wata a wani masauki da dare. Kowa ya gane, amma babu abin kamawa a kai kotu.

4.3 Karin Magana da Maganganun Yau da Kullum

Bahaushe yakan ce namijin ƙoƙari ga aikin da ya burge shi, ko da mace ce ta yi. Yakan kuma ce zancen mata ko shawarar mata ga maganar da ya raina, ko da namiji ne ya yi ta. Akwai masu cewa ƙarfin mata sai yawan magana, da masu cewa mata dangin Shaiɗan. Ƙarfin karin magana a muhawara shi ne mai faɗarsa ba ya ɗaukar alhakin abin da ya faɗa, yakan jingina shi ga mutanen da. Da haka ake rufe bakin mai jayayya, domin musun karin magana kamar musun kakanni ne. Amma taskar karin magana ba ra'ayi ɗaya ke cikinta ba. Bakin da ya ce waɗancan shi ne ya ce mata iyayen giji. Abin da mai magana ya ciro daga taskar, nasa zaɓin ne.

4.4 Yabo Mai Tauye Daraja

Sau da yawa 'yan jarida masu kyakkyawar niyya sukan kira fitacciyar mace kallabi tsakanin rawuna ko mace mai kamar maza. Yabo ne a zahiri, amma idan aka tona sai a ga yana tabbatar da cewa wurin na masu rawani ne, ita baƙuwa ce, kuma ta cancanci yabo ne gwargwadon yadda ta bar kama da sauran mata. Akwai kuma laƙabin uwa. Sanata Aisha Jummai Alhassan, wadda ta nemi gwamnan Taraba a 2015 har kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara kafin manyan kotuna su soke, da sunan Mama Taraba aka fi saninta. Laƙabin uwa garkuwa ce, domin ba a zagin uwa a bainar jama'a. Sai dai garkuwar ba ta rufe budurwa ko matashiya, ga shi kuma tana mayar da shugabanci ya zama reno.

4.5 Tambaya da Raha da Shiru

Mai hira da mace 'yar takara yakan fara da tambayar ko maigida ya yarda, da yadda za ta haɗa siyasa da girki. Ba a yi wa namiji tambayar wa ke duba 'ya'yansa. Minti biyar da aka ci a kan wannan, an ɗebe su ne daga lokacin da za ta yi bayanin manufarta. Raha ma tana da nata aikin. A watan Oktoba 2016, bayan Aisha Buhari ta soki tafiyar gwamnati a hirarta da Sashen Hausa na BBC, Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da martani a Jamus, yana tsaye kusa da shugabar gwamnatin ƙasar Angela Merkel, da cewa wurin matarsa madafa ne da falo da ɗaya ɗakin. Kakakinsa ya ce wasa ne. Ko da wasan ne, abin da ya faru shi ne an bar maganar da ta yi, an koma kan matsayinta na mace.

Sigar ƙarshe ita ce shiru. A rahoton taron jam'iyya akan jero sunayen maza da muƙamansu, sa'an nan a rufe da cewa mata da matasa ma sun halarta. Muƙamin da aka keɓe musu shi ne shugabar mata, aikinta kuwa tara masu anko da guɗa, watau 'yan amshin Shata.

Duk waɗannan sigogi suna haɗuwa su jefa mace cikin tsaka mai wuya saboda matsayin kunya a tarbiyyar Hausa. In ta mayar da martani, an sami shaidar cewa ba ta da kunya. In ta yi kawaici, a ce ba ta da ta cewa, ko kuma zargin gaskiya ne.

5.0 Halin Birnin Gwari

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 250,000. Ƙasa ce mai faɗi, ta noma da kiwo da haƙar zinariya, kuma dazuzzukan Kamuku da Kuyambana sun mamaye babban ɓangarenta. Tana cikin mazaɓar sanata ta Kaduna ta Tsakiya, wadda daga 1999 zuwa zaɓen 2023 maza ne kaɗai suka wakilce ta, alhali Kaduna ta Kudu ta zaɓi Nenadi Usman a 2011.

Fiye da shekara goma wannan ƙasa ta yi tana fama da 'yan bindiga. An kai hari Dogon Dawa a watan Oktoba 2012, an kashe mutane da dama a Gwaska a watan Mayu 2018. A ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta sa an katse layukan waya na kusan wata biyu a wasu yankuna, ta kuma dakatar da kasuwannin mako. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar ta shaida wa 'yan jarida cewa 'yan Ansaru sun hana harkokin siyasa a wasu garuruwan gabashin ƙasar. A watan Nuwamba 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu da suka ajiye makamai, aka kuma sake buɗe karar shanu.

Wannan hali yana ƙara wa kowace siga da aka ambata a sama nauyi, ta fuska uku. Ta farko, yaƙin neman zaɓe a mazaɓu irin su Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa yana bukatar doguwar tafiya a hanyar da a shekarun rikicin ba a shiga sai da rakiya, wani lokaci har da kwana. Namijin da ya yi haka jarumi ne. Macen da ta kwana a hanya tare da tawagar maza kuwa ta ba masu habaici abin da suke nema. Ta biyu, inda taro ya gagara, rediyo da saƙonnin murya na WhatsApp su ne ke maye gurbin dandali. A dandali mace tana iya tsayawa jama'a su gan ta su auna ta da idonsu, amma saƙon da ke yawo a waya ba shi da fuska, kuma ba a san inda za a bi a ƙaryata shi ba. Ta uku, macen da ke fitowa a labaran yankin da ake rikici yawanci wadda aka sace ce, ko wadda aka kashe wa miji, ko 'yar gudun hijira. Ana neman ta domin ta ba da labarin wahala, amma idan aka zo maganar sulhu da makomar ƙasa sai a nemi masu rawani da masu kaki. Alhali kuwa matan da suka riƙe gidaje bayan rasa maza, suka ciyar da marayu, suka sayar da kadara domin biyan fansa, suna da sanin wannan rikici da ba kowa ke da shi ba.

Jihar Kaduna ta nuna cewa sauyi mai yiwuwa ne. Bayan Pamela Sadauki da aka naɗa mataimakiyar gwamna a zamanin soja, an zaɓi Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe a wannan muƙami a 2019, aka sake zaɓenta a 2023, kuma masu zaɓe na Birnin Gwari suna cikin waɗanda aka nemi ƙuri'arsu a kan wannan takara. Sai dai kujerar mataimaki ta hannun ɗan takarar gwamna take zuwa. Gwajin gaskiya yana ga kujerar kansila da ta shugaban ƙaramar hukuma da ta majalisar jiha, inda mace za ta tsaya da sunanta a gaban mutanen da suka san gidan ubanta da na mijinta.

6.0 Hujjar Addini

Ba za a yi adalci ga wannan batu ba idan aka tsallake hujjar da ta fi kowace ƙarfi a zukatan jama'a, watau hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Bakrata game da mutanen da suka shugabantar da mace, wanda aka faɗa lokacin da Farisawa suka naɗa 'yar Kisra. Mafi yawan malaman fiƙihu sun kafa hujja da shi wajen hana mace babban shugabanci. Amma sun saɓa a kan abin da bai kai wannan ba: Abu Hanifa ya halatta mata alƙalanci a wasu shari'o'i, an kuma ruwaito cewa Ɗabari ya halatta shi baki ɗaya. Ko kujerar majalisa, wadda wakilci ce da shawara, ta shiga cikin hanin, wannan mas'ala ce da malaman zamani suka yi ta tattaunawa. Ƙasashen Musulmi irin su Pakistan a 1988 da Bangaladash a 1991 da Indunusiya a 2001 sun ɗora mata a kan gwamnati.

Warware wannan saɓani aikin malamai ne. Abin da babu saɓani a kansa shi ne hukuncin ƙazafi. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke bulala tamanin ga wanda ya jefi kamammiyar mace da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, sun tafi a kan cewa habaicin da ake fahimtar wannan ma'ana daga gare shi yana ɗaukar hukuncin furuci. Saboda haka wanda ya kira 'yar takara karuwa da sunan kare addini ya faɗa cikin laifin da addinin ya yi wa haddi. Mutum yana iya ƙin zaɓen mace bisa fahimtarsa, amma wannan bai ba shi izinin cin mutuncinta ba.

7.0 Hanyoyin Gyara

Ta fuskar doka, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariya saboda jinsi, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta zo da hanin zagi da ɓatanci a yaƙin neman zaɓe. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta sa burin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata. Amma ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na keɓe musu kujeru da na bai wa matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar. Wannan na biyu ya taɓa wata wariyar ta baka, domin akan ce wa mace a garin ubanta ta riga ta zama ta wasu, a garin mijinta kuma a ce baƙuwa ce. A Jamhuriyar Nijar, inda mata suka yi zanga-zanga a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 saboda ware su daga shirin taron ƙasa, an kafa dokar kaso a 2000 da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sa'an nan 25 a 2019, kafin juyin mulkin 2023 ya rushe majalisar. Masu zaɓen Maraɗi da Damagaram Hausawa ne Musulmi kamar na Katsina da Birnin Gwari, kuma sun saba da ganin mata a majalisa cikin 'yan shekaru.

Ta fuskar kafafen watsa labarai, akwai ma'auni mai sauƙi da kowane edita zai iya amfani da shi: a sauya ta da ya a cikin jimla, in jimlar ta zama abin dariya ko abin kunya a kan namiji, to ba ta dace da mace ba. Ya kamata gidan rediyo ya ɗauki alhakin abin da aka faɗa a filin da ya sayar, ya kuma ba wadda aka taɓa damar amsawa a fili ɗaya da lokaci ɗaya. A ambaci mace da muƙaminta da sunanta kamar yadda ake ambaton takwaranta. A sanarwar hukumar zaɓe da ta jam'iyyu a riƙa amfani da jam'i, ko a ce ɗan takara ko 'yar takara, maimakon duk wanda shi kaɗai. Yawaitar mata a kujerun yanke shawara na gidajen jarida ma yana da tasiri, kamar yadda Hajiya Bilkisu Yusuf ta nuna lokacin da ta yi editan Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna a shekarun 1980.

Ta fuskar al'umma, ƙungiyoyin da suka daɗe suna aiki, irin su Jam'iyyar Matan Arewa da aka kafa a Kaduna a farkon shekarun 1960 da FOMWAN da aka kafa a 1985, suna da bakin da ake saurare a makarantun Islamiyya da gidaje. A wuri kamar Birnin Gwari, inda fadar sarki da limamai ke da babban matsayi a al'amuran jama'a, huɗuba guda a kan ƙazafi gabanin zaɓe za ta iya yin abin da takardar doka ba ta yi ba. Malaman Hausa kuwa aikinsu ne su koya wa ɗalibai tona abin da ke ƙarƙashin karin magana da kirari, su kuma tattara kalmomin da ake amfani da su a filayen siyasa na rediyo domin a sami abin dogaro a nazari.

8.0 Kammalawa

An ga a wannan maƙala cewa ƙasar Hausa ta san mata masu sarauta da masu ilimi tun kafin zuwan siyasar jam'iyyu, kuma danganta 'yar siyasa da rashin kamun kai abu ne da ke da tarihi sananne, wanda ya yi ƙarfi a shekarun 1950 sa'ad da kulle da hamayyar NEPU da NPC suka haɗu. An ga kuma cewa nahawun Hausa bai hana mace kowane muƙami ba, masu magana ne ke zaɓar kalmomin da ke hana ta, kuma rashin tsaro irin na Birnin Gwari yana ƙara wa waɗannan kalmomi kaifi. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da hankali da mutunci da adalci. Babu ɗaya daga cikinsu da aka keɓe wa jinsi guda. Da waɗannan ya kamata a auna mai neman ƙuri'a, namiji ne ko mace, kuma da su ne ya kamata a auna mai magana a kansa.